Tarihin Ɗaukar Malaman Makaranta a Ƙasar Gumel: Daga En'e Zuwa Kwantiragi

Ɗaukar malamin makarantar boko a ƙasar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ya bi ta hannun hukumomi da dama kafin ya zo inda yake. A zamanin Turawa Gumel tana da En'e tata a cikin lardin Kano, malamin elementare kuwa ma'aikacin En'e ne, albashinsa daga baitulmali yake fitowa. Masu ilimin boko kaɗan ne ƙwarai, saboda haka yaron da ya wuce Midil ta Kano ya kuma sami horon koyarwa, aiki ne ke jiransa a gida. Kukan malaman wancan lokaci a kan ƙarancin albashi da rashin matsayi yake, shi ne ma ya sa Malam Aminu Kano ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Jerin sunayen masu jiran takardar ɗauka abu ne da bai zo ba tukuna.

Aikin kwantiragi a lokacin na baƙi ne. Tun daga shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta bi manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati, wanda ya zo daga waje sai a ɗauke shi na 'yan shekaru, a sabunta masa idan ana bukata, a sallame shi idan ɗan gida ya samu. Da kuɗin man fetur suka yawaita a shekarun 1970, Jihar Kano, wadda Gumel ke cikinta, ta cika sakandarorinta da malamai daga Indiya da Pakistan da Masar da Gana a kan irin wannan sharaɗi. Waɗanda aka ɗauko daga ƙetaren teku har gida da kuɗin jirgi akan ba su.

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare ga kowa. Makarantu suka bazu a ƙauyuka fiye da yadda malamai za su iya cikewa, aka riƙa ɗaukar waɗanda ba su kammala horo ba a matsayin malaman taimako, aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna don su ƙaro ilimi suna kan aiki. A shekarar ne kuma aka rushe tsarin En'e, ƙananan hukumomi suka gaje ta. A 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, aka buɗe babbar kwalejin horar da malamai a Gumel, wadda ta zama Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa. Garin da a da yake aika 'ya'yansa Kano neman horo ya zama mai yaye masu NCE ga jiha guda.

Yalwar ba ta daɗe ba. Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu a 1982, mulkin soja na 1984 ya rage ma'aikata, sannan shirin SAP ya biyo baya a 1986. Daga nan takunkumin ɗaukar ma'aikata ya zama abin da aka saba ji. Takunkumi umarni ne na ɓangaren zartarwa, yawanci sakula ce daga ofishin shugaban ma'aikata ko na sakataren gwamnati, wadda ke cewa kada wata ma'aikata ta ɗauki kowa sai da amincewar gwamna ko shugaban ƙasa. Majalisa ba ta zama a kansa, kuma ba kasafai ake sa masa ranar ƙarewa ba. A ofis ana iya lallaɓawa da rashin magatakarda guda, amma a makaranta malami na yin ritaya ko ya rasu, ajinsa ya zama babu mai koyarwa, alhali yara sai ƙaruwa suke yi. Ga kuma yawon da aka yi da alhakin firamare: an kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991 aka miƙa wa ƙananan hukumomi, aka sake dawo da ita a 1993. A tsakiyar wannan ruɗani aka ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, fayil-fayil na malaman Gumel suka koma Dutse.

Shirin UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, da dokarsa ta 2004, su suka kawo tsarin da ake kai: hukumar SUBEB a Dutse, da Sakataren Ilimi a kowace ƙaramar hukuma, albashin malaman firamare kuma daga kason ƙananan hukumomi. Tun daga nan gwamnatoci suka gano wata hanya ta cike aji ba tare da ɗaukar nauyin fansho ba. Tarayya ta fara da shirin malaman tarayya a 2006, na shekara biyu ga masu NCE. Shirin N-Power na tarayya ya zo a 2016 da alawus na Naira 30,000 a wata, aka sallami rukunoninsa biyu na farko a 2020, shekarar da gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da ɗaukar ma'aikata saboda korona da faɗuwar farashin mai. Jigawa ta fito da nata, J-Teach, a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, inda aka ɗauki mutum 4,500 na wucin gadi, daga baya gwamnatin Malam Umar Namadi ta mayar da 3,000 daga cikin malaman shirin ma'aikatan dindindin. Kwantiragin da a da ake ba baƙo har da gida, yanzu ɗan gari ake ba, da alawus da bai kai albashi ba. Ƙetaren iyakar Maigatari ma haka abin yake, har ya fi, domin Nijar ta fara ɗaukar malaman sa-kai tun ƙarshen shekarun 1990, har 'yan kwantiragi suka zama mafi yawan masu koyarwa a firamarenta.

A irin wannan tsari ne tambayar haƙƙi ta taso. Mutum ya cike fom, ya yi jarrabawa ta kwamfuta, ya je intabiyu, sunansa ya fito, sai takunkumi ya sauka ko gwamnati ta canja. Me doka ta ba shi?

Amsar ta dogara ga matakin da ya kai. A dokar yarjejeniya da kotunan Nijeriya ke bi, aiki yana ƙulluwa ne idan hukumar da ke da ikon ɗauka ta yi tayi, mai nema kuma ya karɓa. Sanarwar guraben aiki gayyata ce kawai. Jerin sunayen da aka liƙa a sakatariya ko aka sa a intanet yana nuna wanda ya cancanta, amma bai ɗaure gwamnati ba, kuma da wuya kotu ta tilasta wa hukuma ta ɗauki wanda ba ta rubuta wa ba. Wanda takunkumi ya tarar a nan, abin da ya rage masa shi ne koke ga hukuma da majalisar jiha da ƙungiyar malamai, ya nemi a fara da shi idan an ɗage. Wannan roƙon adalci ne, kuma yana da nauyinsa, sai dai a siyasa ake cin sa.

Idan takardar ɗauka ta fito, wadda matasa ke kira ofa, mutum ya sa hannu ya karɓa, lamarin ya canja. Misalin da lauyoyi ke yawan kawowa shi ne na Hukumar Tattarawa da Rabon Arzikin Ƙasa. Ta ba wasu mutane takardun aiki dab da miƙa mulki ga farar hula a 1999, suka karɓa, sannan ta janye takardun da hujjar umarnin gwamnati. Maganar ta kai Kotun Ƙoli, wadda a hukuncin da ya shiga kundin shari'o'i a 2019 ta tabbatar da cewa yarjejeniyar aiki ta riga ta ƙullu. Wato sakula na iya hana sabuwar ɗauka, amma ba ta warware wadda aka kammala haka kawai. Sai dai a lura da tsawon lokacin: kusan shekara 20 aka yi ana shari'a. Inda kuma aka ɗauki mutum ba bisa ƙa'ida ba, ko jami'in da ya sa hannu ba shi da hurumi, takardar ba ta da wannan ƙarfi. Shi ya sa sababbin gwamnatoci ke fakewa da tantancewa, kamar yadda aka yi a Kano a 2023, lokacin da aka tsayar da albashin sama da mutum 10,000 da gwamnatin da ta sauka ta ɗauka, aka mayar da mafi yawansu bayan bincike.

Ko bayan an kama aiki, ɗan kwantiragi da na dindindin ba ɗaya suke ba. Tun shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas a 1985 Kotun Ƙoli ta bambanta aikin da doka ta tsara sharuɗɗansa da aikin da takarda kawai ta ƙulla. Na farko idan aka kore shi ba bisa ƙa'ida ba, kotu na iya mayar da shi bakin aiki da bashin albashinsa. Na biyu abin da takardarsa ta ce shi ne nasa: alawus ɗin watannin da ya yi, da kuɗin notis idan an ambata. Wa'adi na cika, sabuntawa ko mayarwa dindindin sai yadda gwamnati ta ga dama, in ba an rubuta alkawarin a takardar ba. Nan ne raunin malamin wucin gadi da ke koyarwa a Danzomo ko Galadi yake, domin aikinsa ɗaya da na abokinsa na dindindin da ke aji na gaba, kariyarsu a gaban doka kuwa ta bambanta.

Kotun da ke da hurumin sauraron irin wannan ƙara ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. An kafa ta a 1976, gyaran tsarin mulki na 2010 ya keɓe mata shari'o'in aiki, tana kuma da reshe a Kano. Akwai kuma dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata uku na shigar da ƙara. A shari'ar hukumar rabon arziki an ce wa'adin bai shafi yarjejeniyar aiki ba, amma wasu hukunce-hukuncen da suka biyo baya sun yi aiki da shi. Saboda haka wanda aka janye wa takarda ya adana ta, tare da kwafin amsarsa da shaidar kama aiki daga hedimasta ko Sakataren Ilimi, ya kuma ga lauya kafin wata uku su cika.