Daga allurar kasada zuwa Alizin: tarihin maganin mahaifar karnuka

Cikin karya kwana 63 ne, ko sama ko ƙasa kaɗan. Daga ranar farko har zuwa haihuwa, sinadarin furojestaron ne ke riƙe da shi. A 1929 George Corner da Willard Allen, masu bincike a Jami'ar Rochester ta Amurka, suka nuna cewa wani ɗan ƙulli mai ruwan ɗorawa da ke fitowa a gidan ƙwan mace shi ke samar da abin da ke hana ciki zubewa. A kan zomaye suka yi gwajin. Zuwa 1934 an tace sinadarin tsantsarsa.

To, karya tana da wata ɗabi'a ta daban. Ko ta ɗauki ciki ko ba ta ɗauka ba, bayan lokacin barbara furojestaron ɗinta yakan zauna a sama kusan wata biyu. A wannan tsakanin bangon mahaifa na yin kauri, bakinta na rufewa, garkuwar wurin na yin sanyi. Da ƙwayoyin cuta sun samu shiga, sai mahaifa ta cika da mugunya. Cuta ce mai kisa, kuma ta fi kama karnuka masu shekaru da ba a yi wa tiyatar cire mahaifa ba. Kun ga ke nan, sinadari ɗaya ne ke bayan matsala biyu: cikin da mai karya bai shirya masa ba, da ruɓar mahaifa.

Shekaru da dama likitocin dabbobi ba su da hanyar taɓa furojestaron kai tsaye, sai suka bi ta bayan gida. Idan kare ya hau karya bisa kuskure, akan yi mata allurar istirojin cikin 'yan kwanaki, don a hana ƙwai isa mahaifa ya zauna. Istirojin na roba ya wadata tun bayan 1938, lokacin da Charles Dodds da abokan aikinsa suka haɗa wanda ake kira DES a Ingila. Dabarar na aiki, amma fa da tsada. Ɓargon kare ba ya jure istirojin mai yawa. Wani lokaci yakan daina ƙera jini gaba ɗaya, dabbar ta mutu. Allurar kuma na ƙara haɗarin ita kanta ruɓar mahaifar. Abin takaicin shi ne, ana yin ta tun kafin a san ko akwai cikin, don haka karnuka da yawa sun sha kasada a banza.

Sauyin ya zo ne daga binciken magungunan mutane. A 1980, a kamfanin Roussel-Uclaf na Faransa, masanin haɗa sinadarai Georges Teutsch da tawagarsa suka haɗa RU 486. A jiki, furojestaron kamar mabuɗi yake, mahaifa kuma na da kwaɗon da yake buɗewa. RU 486 mabuɗin bogi ne: yana shiga kwaɗon, ba ya buɗewa, kuma ya hana na ainihi shiga. Daga wannan dangi aka samu RU 46534, wato agilefiriston, aka ware shi don dabbobi. A tsakiyar shekarun 1990 aka fara sayar da shi a Faransa, yau kuma kamfanin Virbac ke sayar da shi da sunan Alizin.

A mahaifar karya, maganin na manne wa kwaɗon da ƙarfi kusan ninki uku na furojestaron. Ana yin allura biyu a ƙarƙashin fata, miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin jiki, sa'a 24 tsakani, kuma ana iya amfani da shi har kwana 45 bayan barbara. Wannan tazarar ce babbar riba, domin likita na da sararin yin sikanin ya ga ko da ciki kafin ya ɗauki sirinji. Daga baya likitoci suka lura cewa idan aka toshe furojestaron, bakin mahaifa na saki, mugunya ta samu hanyar fita. Sai aka fara ba karnuka masu ruɓar mahaifa, sau da yawa tare da furostagilandin mai sa mahaifa matsewa.

Sai dai kar a ɗauka ya kori tiyata. Karyar da ta galabaita, ko ƙodarta ta taɓu, ko ake tsoron mahaifar ta fashe, tiyata ce mafitarta, kuma da gaggawa. Wadda ta warke da allura ma cutar na iya dawo mata bayan barbara ta gaba, tunda gidan ƙwan na nan yana aikinsa. Bayan zubar da ciki kuma dole a koma sikanin, don wani lokaci ba duka ke fita ba. Mace mai juna biyu ta yi nesa da sirinjin, domin maganin na iya aiki a jikin mutum. Har yanzu ma ba kowace ƙasa ta yi masa rajista ba. Amurka na cikin waɗanda ba su yi ba.

Ga mai karya a gida, ga abin lura: in ta yi makonni kaɗan da gama barbara sai ka ga tana yawan shan ruwa, ta ƙi abinci, ko wani ruwa mai wari na fita ta bayanta, kai ta wurin likitan dabbobi a ranar. Shi zai duba ya ce allura ce ko tiyata.