Wa Zai Kira Wa?

Taimaka wa mashayi ya bar taba ta wayar tarho sana'a ce da ba ta kai shekara hamsin ba. Jihar Biktoriya ta Ostireliya ta buɗe layinta a 1985, Ingila ta biyo baya a 1988. Amma mu da ke cikin aikin, Kalifoniya ce makarantarmu. A 1992 aka buɗe layin jihar a jami'ar da ke San Diyego, ƙarƙashin Shu-Hong Zhu, kuma binciken da suka fitar a 1996 shi ya sauya komai. Sun gano cewa hira ɗaya tana da amfani, amma wanda aka yi ta bibiya da kira ya fi dacewa. Suka kuma jera kiran daidai da lokacin da mutum ya fi komawa ruwa: a matse a makon farko, sannan a riƙa sassautawa. Wato ma'aikaci ne zai nemi mashayi, ba zama zai yi yana jiran waya ta yi ƙara ba.

A lokacin, wayar tarho a Kafanchan da ke Kudancin Kaduna sai ofis da gidan wane da wane. Sai 2001 wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya. A 2005 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taba, wadda sashenta na 14 ya wajabta taimakon masu son dainawa. Binciken 2012 ya nuna kashi 5.6 cikin ɗari na manya suna amfani da taba. Doka ta zo a 2015, ƙa'idojinta a 2019, hotunan gargaɗi suka hau kwali a 2021. Duk wannan hani ne da tsoratarwa, ɓangaren riƙe hannun mashayi kuwa an bar shi baya. Dokar ma ta hana sayar da sigari kara-kara, amma je ka wurin mai tireda a tasha ka gani. Hukumar NDLEA ta buɗe layin kyauta a 2022, sai dai ƙwaya ce a gabanta, kuma matashi ba ya jin sunanta ya tuna shawara, kamu yake tunawa.

Abin da muka yi a nan Kudancin Kaduna ƙarami ne: littafin rajista, wayar hannu, da masu tarin fuka ko hawan jini da suka yarda a bibiye su. Darasin Kalifoniya ya zauna mana daram, saboda dalilin da su ba su sani ba. Mutuminmu ba zai ƙona katinsa kan hirar minti ashirin ba. Filashin zai yi, kuma wannan filashin na ƙarfe goman dare shi ne kukan neman agaji. In ka bari sai gobe, ya riga ya kunna.

Wayar ma ba ta mutum ɗaya ba ce. Ka kira, matar gida ta ɗauka, ko uban saurayin da bai san ɗansa yana busawa ba. Don haka tun ranar farko muke tambaya, "Yallaɓai, wane lokaci wayar take hannunka?" Wani ya ɗauka kuwa, gaisuwa ce kawai. Manomin citta na Kwoi ko Kachia ba a samunsa da rana a damina, ɗan acaɓa sai ya ajiye babur.

Inda takardun Turawa ba su kai ba shi ne garin taba. Ka tambayi tsohuwa daga wajen Kagoro ko Zonkwa, "Mama, kina shan taba?" Za ta ce Allah ya kiyaye, alhali ƙullin gari haɗe da kanwa yana bakin zaninta, tana sa shi a leɓe wai don ciwon haƙori. Hausa ta haɗa kowa a kasuwa, amma irin wannan magana ba ta fitowa sosai sai da Jju, Tyap ko yaren Ham. Duk layin da za a kafa a Abuja da manyan harsuna uku kawai ba zai taɓa jin ta ba.

Lokutan girbinmu biyu ne: watan Ramadan da azumin Kirista kafin Ista. Wanda ya wuni bai sha ba ya riga ya ci rabin yaƙin, hatsarin yana bayan buɗe baki, a teburin mai shayi. Magani kuwa, cingam da filastar nikotin suna jerin muhimman magungunan Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2009, amma a kemis ɗinmu da ƙyar ake ganinsu, in an gani ma kuɗin ya fi ƙarfin talaka. A ƙarshen 2021 da aka katse sadarwa a wasu ƙananan hukumomin jihar saboda 'yan bindiga, bibiyar mutanen can ta tsaya cak.

Ostireliya ta buga lambar layinta kusa da hoton gargaɗi a kan kwali a 2006, kira ya ninka. A wurinmu wannan dabara rabin aiki za ta yi, domin mai sayen kara ɗaya bai taɓa riƙe kwalin ba. Lambar sai ta bi ta rediyo, ta mumbarin coci da na masallaci, da bakin shugaban 'yan acaɓa.