Shekarar Da Aka Yi Ana Jiran Focus RS, Da Dangin Motocin Da Ta Fito Cikinsu

A farkon watan Fabrairun 2015 kamfanin Ford ya tara 'yan jarida a birnin Kolon na Jamus, ya yaye lulluɓin wata mota wadda sai bayan kusan shekara guda za a fara ƙera ta don sayarwa. Sunanta Focus RS. Ranar ba a faɗi takamaiman ƙarfin injinta ba, abin da aka ce kawai shi ne zai haura ƙarfin doki 320 a ma'aunin Turai. Duk da haka mutane suka fara kai wa dillalai kafin alƙalami, mujallun motoci kuma suka shiga jera ta da abokan hamayyarta a takarda, alhali babu ɗan jaridar da ya taɓa riƙe sitiyarinta. 'Yan uwa, kafin mu ce waɗannan mutane sun cika zumuɗi, ya kamata mu koma baya shekara arba'in mu ga inda ɗokin ya samo asali.

Irin motar da muke magana a kai ba baƙuwa ba ce a idonmu. Ƙaramar mota ce mai yankakken baya, wadda ƙofar but ɗinta ke ɗagawa sama har da gilashi, kamar Golf ɗin nan da ke jigilar fasinja tsakanin garuruwanmu. Turawa sun yi ta ne don magidanci mai matsakaicin ƙarfi: ya kai yara makaranta, ya je cefane, ya kwantar da kujerun baya ya loda kaya. Abin da ya canza tarihinta shi ne ranar da wasu suka yi tunanin dasa mata zuciyar motar tsere.

Har yau ana gardama kan wanda ya fara. Italiyawa za su nuna maka Autobianchi A112 Abarth ta 1971, Faransawa su kawo Simca 1100 TI, ko Renault 5 Alpine da ta fito a 1976. Kowannensu yana da hujja. Amma wadda ta mayar da abin kasuwa ita ce Golf GTI, kuma yadda aka haife ta ya fi duk sauran daɗin ji.

A farkon shekarun 1970 Volkswagen na cikin tsaka mai wuya. Beetle, motar nan mai siffar kunkuru da ta ciyar da kamfanin shekara da shekaru, ta tsufa, masu saye sun fara juya mata baya. Sai ga rikicin man fetur na 1973, farashi ya tashi, har gwamnatin Jamus ta Yamma ta hana tuƙi a wasu ranakun Lahadi. A wannan yanayi aka fito da Golf a 1974, da zanen ɗan Italiya Giorgetto Giugiaro, don ta ceci kamfanin. Ba lokacin da shugabanni za su saurari zancen motar gudu ba ne. Don haka wani injiniya mai suna Alfons Löwenberg da shugaban sashen hulɗa da 'yan jarida Anton Konrad, tare da wasu tsirarun abokan aiki, suka yi abinsu a ɓoye, bayan an tashi daga aiki. Suka ɗauko inji mai lita 1.6, suka ba shi na'urar Bosch mai fesa fetur a maimakon kafireta, ya ba da ƙarfin doki 110. Suka rage tsayin motar daga ƙasa, suka ƙarfafa ƙafafunta. Wata ma'aikaciya, Gunhild Liljequist, ita ta zaɓi yadin kujeru mai zanen dara da kan giya mai kamar ƙwallon golf, abubuwa biyu da har yau ake gane GTI da su.

Doki 110 ba wani abin tinƙaho ba ne a yau. Sirrin yana wajen nauyi: kilo 810 kacal. Da wannan ta kai gudun kilomita 182 a sa'a, tana ba motocin da suka fi ta tsada nesa ba kusa ba kunya a kan titi. An nuna ta a baje kolin Frankfurt a 1975, aka fara sayarwa a 1976. Sashen ciniki na kamfanin bai yarda za ta yi kasuwa ba, aka tsara ƙera guda 5,000. Kafin a rufe zubin farko an ƙera sama da 460,000. Mu riƙe wannan lissafi na kilo 810, za mu dawo kansa.

Amsar da ta fi ƙarfi daga Faransa ta zo. Mu a nan idan aka ce Peugeot, 504 ɗin da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna a da muke tunawa, mota mai juriya da ɗaukar kaya. A Turai kuwa, a farkon shekarun 1980, kamfanin yana ta tafka asara bayan ya haɗiye Citroën ya kuma sayi reshen Chrysler na Turai a 1978. Ƙaramar 205 da ta fito a 1983 ce ta tsamo shi. A 1984 aka yi mata GTI mai doki 105, daga baya aka ƙaro mai lita 1.9 da doki 130. Masu tuƙi sun so ta saboda yadda take amsa sitiyari nan take, sun kuma ji tsoronta, domin idan ka ɗage ƙafa daga totur a tsakiyar kwana bayanta kan kufce. Peugeot ta haɗa tallarta da gasar tseren daji: wata dodanniya mai suna 205 Turbo 16, wadda kamanni kawai ta haɗa da ta kasuwa, ta ci kambun duniya a 1985 da 1986. Bayan mutuwar Henri Toivonen da mataimakinsa Sergio Cresto a tsibirin Kosika a 1986 aka soke wannan rukunin tsere, sai Peugeot ta karkata zuwa gasar Paris-Dakar, wadda a waɗancan shekaru take ratsa hamadar Nijar ta wajen Agadas. Ari Vatanen ya ci ta da 205 a 1987.

A waɗannan shekaru kusan kowane kamfani ya fito da tasa. Ford na da Escort XR3i da Fiesta XR2, Renault na da 5 GT Turbo, Lancia kuma ta ci kambun kamfanoni sau shida a jere da Delta, daga 1987 zuwa 1992.

Abin da ya karya kasuwar ba injiniya ba ne, ɓarayi ne da kamfanonin inshora. A Ingila, wadda take cikin manyan kasuwannin waɗannan motoci, matasa suka mayar da satar su abin wasa, su yi ta wasan ganganci da su a unguwanni da dare sannan su yar. Abin ya yi ƙamari a 1991, har majalisa ta yi doka ta musamman a kansa a 1992. Kuɗin inshora ya yi tashin gwauron zabi, saurayin da aka yi motar dominsa ya kasa riƙe ta. Kamfanoni suka ja da baya. Golf ta uku, wato ainihin wadda ta cika tashoshinmu bayan ta gama rayuwarta a Turai, GTI ɗinta na farko doki 115 ne kawai a jikin da ya haura tan guda. Wato cikin shekara goma sha biyar an ƙara doki biyar, an ƙara ɗaruruwan kilo. A ganinmu nan ne sunan GTI ya zama ado kawai, sai a 2004 da Golf ta biyar ta zo da doki 200 ya dawo da martabarsa.

Daga nan tseren ya koma na lambobi. Ford ta fito da Focus RS ta farko a 2002 da doki 215, aka ƙera guda 4,501. Ta biyu ta zo a 2009 da inji mai silinda biyar da doki 305, duk a kan tayoyin gaba, abin da mutane da yawa suka ɗauka ba zai yiwu ba, domin tayar da ke juya mota ita ce kuma ke jan ta, idan ƙarfi ya yi yawa sitiyari kan fizge hannun direba. Ford ba ta yin RS a kowace shekara. Takan jira sai zubin Focus ya kusa ƙarewa, ta yi 'yan kaɗan, ta yi shiru na shekaru. Wannan shirun shi ne rabin ɗokin 2015. Ɗaya rabin kuma Amurka ce: ba a taɓa sayar da Focus RS a can ba, Amurkawa sai dai su gani a mujalla, sai ga shi an ce wannan karon har da su.

To, su wa za ta tarar a fili? Golf R na nan da doki 300, tana ja da tayoyi huɗu, mota mai natsuwa wadda za ka je ofis da ita ba wanda zai waiwayo. Audi RS3 na da doki 367 da silinda biyar mai amo na daban. Mercedes A45 AMG ta fara da 360 a 2013, aka ɗaga ta zuwa 381 a 2015. Honda Civic Type R, wadda a lokacin ake ƙerawa a Swindon ta Ingila, ta tsaya kan tayoyin gaba da doki 310, tana alfahari da zagaye filin Nürburgring cikin minti 7 da daƙiƙa 50. A tsakiyar 2015 Ford ta faɗi lambarta: doki 350, daga inji mai lita 2.3 ɗan gidan su na Mustang. Idan lamba ce kawai, Audi da Mercedes sun fi ta. Amma su kuɗinsu ya kai wajen fam 40,000 a Ingila, ita kuwa wajen fam 30,000. Su giyarsu mai canza kanta ce, ita kuwa giyar hannu mai hawa shida kawai aka yi mata, babu zaɓi.

Inda ta bambanta da gaske shi ne ƙarƙashin bayanta. Golf R da RS3 a asali motocin jan gaba ne, sai buƙata ta taso ake tura wani kaso na ƙarfi baya. Ford ta sa na'urar kamfanin GKN mai kuloci biyu, ɗaya ga kowace tayar baya. Tana iya tura har kashi 70 cikin ɗari na ƙarfi zuwa baya, ta kuma ɗora shi duka kan taya guda. A kwana sai ta ƙarfafa tayar waje, motar ta juya kamar ana tura ta daga ƙugu. A kan wannan aka gina wani maɓalli da ke barin bayan motar ya zame da gangan, taya na hayaƙi. An ce don filin tsere aka yi shi, amma a Ostireliya masu fafutukar kiyaye haɗurra sun nemi a hana shi, kuma mu ba mu ga laifinsu ba idan muka tuna abin da ya faru a Ingila a 1991.

Ita ma Ford ta iya jan rai. Ta ɗauko Ken Block, ɗan Amurkan da bidiyoyinsa na wasa da mota suka karaɗe intanet, a matsayin mai ba da shawara, shi ya tuƙa ta a bikin Goodwood a watan Yuni. Ta riƙa sakin gajerun finafinai kashi-kashi kan yadda ake gwajinta, har da wuraren da shugabanni ke nuna rashin gamsuwa da aikin injiniyoyi. Talla ce, amma an yi mata shigar labari, mutane kuma suka bi ta kamar yadda muke bin littafi mai fitowa kashi-kashi.

Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. A Janairun 2016 aka fara ƙera ta a masana'antar Saarlouis ta Jamus, kuma da 'yan jarida suka tuƙa, yawancinsu sun ce ta cika alƙawari: daga tsaye zuwa kilomita 100 cikin daƙiƙa 4.7, ƙarshen gudu kilomita 266, ga daɗin kwana da ya sa ta doke waɗanda suka fi ta tsada a gwaje-gwaje da dama. Ƙorafin farko ƙanana ne. Ƙafafunta sun yi tauri a kan titi mai gargada, kujerar direba ta yi tudu, cikinta kuma na Focus ɗin kowa da kowa ne, abin da mai Audi ba zai lamunta ba.

Babban ƙorafin sai daga baya ya ɓullo, kuma babu teburin kwatance da ya hango shi. Masu motar suka fara ganin farin hayaƙi daga salansa, ruwan lagireto na raguwa ba tare da yoyo a ƙasa ba. Duk bakaniken da ya ji wannan ya san inda matsalar take: gasket ɗin saman inji ne ya ba da kai, ruwa na shiga silinda. A farkon 2018 Ford ta kira masu motocin 2016 da 2017 su kawo a duba a canza musu kyauta, wasu har da kan injin gaba ɗaya. Waɗanda suka fi kowa ɗoki, suka biya tun kafin su gani, su ne motocinsu suka faɗa cikin wannan rukuni. Wanda ya haƙura ya sayi Golf R bai samu maɓallin zamiya ba, amma bai kwana da wannan fargaba ba.

A 2018 aka daina ƙera ta. Nauyinta ya haura kilo 1,500, kusan ninki biyu na GTI ta 1976, kuma wannan nauyi da ƙarfin da ake buƙata don jan sa su ne suka zama matsala lokacin da Tarayyar Turai ta tsaurara dokar hayaƙi, ta sa matsakaicin giram 95 na iskar kabon a kowace kilomita ga motocin da kamfani ke sayarwa. An yi ta raɗe-raɗin Focus RS ta huɗu mai haɗin fetur da lantarki, mutane suka sake shiga jira, sai a 2020 Ford ta tabbatar ba za a yi ta ba. Renault ta rufe babin Mégane RS a 2023, a shekarar kuma Ford ta daina ƙera Fiesta baki ɗaya. Waɗanda suka shigo fagen daga baya daga Asiya suke: Hyundai da i30 N a 2017, Toyota da GR Yaris mai silinda uku a 2020. Hyundai ta kuma fito da Ioniq 5 N mai lantarki zalla, doki 650, nauyi sama da tan biyu, aka sa mata lasifika mai kwaikwayon ƙarar inji da manhajar da ke kwaikwayon canjin giya, duk da cewa babu giyar da za a canza a cikinta.