TARIHIN ADON BANGO A ƘASARMU

Ya kai mai karatu, kafin ka ci gaba, ɗaga kanka ka dubi bangon ɗakin da kake zaune. Me ka gani? Watakila kalanda ce, ko darduma mai hoton Ka'aba, ko jeren kwanoni, ko kuwa yaɓen laka kawai. To, kowane ɗaya daga cikinsu da tarihinsa. Bari mu bi wannan tarihi tun daga zamanin kakanni, don ranar da za ka yi wa gidanka ado ka zaɓa da sani.

ZAMANIN KARA DA ƘWARYA

A shekarar 1851 wani Bature Bajamushe mai suna Barth ya sauka a Tasawa, a kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Ya rubuta abin da ya gani: gidaje kewaye da darni, a cikinsu ga bukkoki, ga rumfuna, ga itatuwa masu inuwa. Ya kuma ga marina a garin. In babban gari kamar Tasawa haka yake, kai ma ka san yadda ƙauyukan ƙasar Mayayi da na Sarkin Hausa suke a lokacin.

Ɗakin kara ba ya ɗaukar zane. Saboda haka adonsa na ratayewa ne da na jerawa, kuma aikin mata ne. Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Mayayi, cike yake da goriba. Da kabarta ake saƙa tabarmi, da ita ake ɗinka faifai. Mace takan rina kaba, ta ɗinka faifai mai launi, ta rataye. Takan sami ƙore masu zanen wuta, ta jera su daga babba zuwa ƙarama. Wannan shi ne asalin jere. Baƙuwa in ta shigo, da ganin jere ta san dangin amarya sun tsaya mata.

Ka lura da abu guda. Babu abin da aka rataye don kallo kawai. Da ƙwaryar ake dama fura, da faifan ake rufe ta.

ZANEN MAGINA

A manyan birane kuwa, inda ake ginin tubali da azara, adon bango aikin maza ne, wato magina. Sana'a ce ta gado, har da Sarkin Magina. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Muhammadu Durugu, da ake kira Babban Gwani. Shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a cikin shekarun 1830, ya yi wa ginshiƙansa da bakunansa zanen laka. A Damagaram ma, a unguwar Birni, wanda duk ya je zai ga zauruka da aka zane fuskarsu, da zankwaye a bisa.

Yaya suke yi? Wani tun yaɓe yana ɗanye yake bi da yatsu yana fitar da layi. Wani yakan ɗora laka bisa laka har zanen ya taso ya yi tudu. Sa'an nan a shafe da farar ƙasa ko jar ƙasa. Ba su cika zana mutum ko dabba ba. Abin da suka fi yi shi ne dagi, wato ƙullin nan da ba a ganin farkonsa ko ƙarshensa, irin wanda ake sa wa babbar riga. Akwai kuma takobi, da sanda, da allo.

Nan ma adon yana da aikin yi. Magina sukan jiƙa ɓawon ɗorawa su sami makuba, su kwaɓa da ƙasa su yi yaɓe, ruwan sama ya riƙa zamewa. Sukan kuma ɗebo katsi daga marina, su haɗa da gashin jima da ruwan dafara, su yi laso. Laso shi ne simintin kakanninmu. Ka ga ke nan marini da majemi da magini kowa ya sa hannu a bango guda, kuma ba a sayo kome daga ƙasar waje ba.

KUƊIN GYAƊA

Da Turawa suka zo, Faransa a Nijar, Ingila a Nijeriya, sai noman gyaɗa ya bunƙasa. Daga shekarun 1930 har zuwa na 1960 gyaɗa ce babbar hanyar kuɗi a Maraɗi da Tasawa da Mayayi, kamar yadda take a Kano. A shekarar 1945 ambaliya ta cinye tsohon garin Maraɗi, aka koma tudu aka yi sabon gini. Mutanen ƙauye ma da suka sami kuɗi suka fara barin ɗakin kara suna gina soro.

Da kuɗi suka shigo, ado ya sake. A da sarakuna da manyan malamai aka sani da zanen gida. Yanzu sai ɗan kasuwa ma ya kira magini. A Zariya, a shekarun 1950 da 1960, har keke da mota da agogo da jirgin sama aka riƙa zanawa a ƙofar zaure. Mai gida yana gaya wa masu wucewa cewa shi ma ya samu.

Cikin ɗakunan mata kuwa, kwano ya kori ƙwarya. Aka cika bango da langa da fanteka da kwanonin sha masu furanni, wasu har a kafa su cikin ɗanyen yaɓe. Mahajjata suka riƙa komowa da darduma da hotunan Makka da Madina. Kada ka ce jeren kwano almubazzaranci ne kurum. Dukiyar mace ce, tata ta kanta. In wata larura ta taso, sai ta cire ɗaya ta sayar. Da fari ya afku a 1973 da 1974, noman gyaɗa kuma ya faɗi, kayan ɗaki na cikin abin da gidaje suka sayar suka sayi hatsi.

SIMINTI DA FENTI

Bayan haka siminti da kwanon rufi suka yawaita. Da fari magina sun ci gaba da zane, suna yanka shi cikin ɗanyen siminti suna bi da fenti. Daga baya sai mutane suka ga bango sumul shi ne wayewa. Tsofaffin magina suka riƙa mutuwa, 'ya'yansu da yawa ba su koya ba. A ɗakin amarya kuma kabad da tangaran da labule da takardar bango suka maye gurbin jere. Kayan nan suna da kyan gani, amma daga nesa ake kawo su, da tsada, kuma takardar da aka manna a bango ba ta sayuwa ranar wahala.

Amma fa duniya ba ta raina aikin laka ba. A garin Yama, cikin jihar Tawa, wani magini manomi mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin laka a 1962. A 1986 masallacin ya sami kyautar Aga Khan, wadda ake ba fitattun gine-gine na ƙasashen Musulmi. A 2013 kuma hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas, mai ginin laka, cikin kayan tarihi na duniya.

TO, WANNE ZA KA ZAƁA?

Babu mai hana ka fenti ko hoto. Kowane zamani da nasa yayi. Amma tarihin nan ya koya mana tambayoyi uku. Na ɗaya, adon nan zai kare bangona daga ruwa da gara, ko kuwa zai ɓoye ɓarna ne kawai? Siminti bisa laka yakan tsage, ruwa ya shiga ta baya, yaɓen ya zube gaba ɗaya. Na biyu, da abin hannuna zan yi shi, ko sai na sayar da akuya ko na jinginar da gona? Iyaye nawa ne suka shiga bashi don kada a yi wa ɗakin 'yarsu dariya? Na uku, kuɗin nan wa zai ci, maginin garinmu da mai ɗinkin faifai, ko kuwa wani can da ban sani ba?

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. In akwai tsohon magini a garinku wanda ya iya dagi, je ka gaishe shi, ka tafi da yaronka. Ka tambaye shi yadda ake haɗa makuba. Tun da yanzu ka iya rubutu, rubuta abin da ya gaya maka, ka ajiye. Allah ya sa mu dace, amin.