Aro, Rance da Satar Kallo: Yadda Aikin Hannu Ke Yawo Tsakanin Matan Tsakar Gida

Idan aka tarar da mace zaune kan tabarma bayan la'asar, kwarashi a hannu, zaren ulu a cinya, aka tambaye ta me take yi, da wuya ta ce sana'a take yi. Amsar da aka fi ji ita ce, "Ina dai ɗan taɓawa, don kada in zauna haka." Hausa ba ta ware kalma guda ga aikin da mutum ke yi don jin daɗin ransa kawai ba, sai dai a ce abin sha'awa ko abin ɗebe kewa. A ganina dalilin shi ne irin wannan aiki ba ya daɗewa a matsayin ɗebe kewa zalla. Ranar da aka sa wa jariri hula da safar da uwarsa ta saƙa aka fito da shi taron suna, ranar wata za ta ɗaga ƙafarsa ta duba, ta ce, "Maman Abba, nawa za ki yi mini irinta?" Daga nan sha'awa ta fara zama sana'a, ko mai ita ta shirya ko ba ta shirya ba.

Abin da wannan nazari ya sa gaba shi ne tambayar da ke biyo baya. Macen da ba ta zuwa kasuwa, ba ta yi makarantar koyon sana'a ba, ba ta kuma da jarin kirki, ina take samo kayan aiki, da zare, da ilimin abin? Daga wajen 'yan'uwanta mata take samowa. Amma hanyoyin ba iri ɗaya ba ne, kuma kowace da ƙa'idarta.

Lamarin tsoho ne. Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya yi amfani da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya kuma rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa Tambutu da Gat da Murzuk har Tarabulus. Abin da ya burge shi shi ne ba a manyan masana'antu ake yin su ba kamar a Turai, aikin iyalai ne a gidajensu. Masaƙa da marina da mabuga da ake gani a fili maza ne. Amma kowane ƙyalle da ya shiga karofi ya fara ne daga hannun mace: ita ta gurje auduga a kan magurji, ta shiɓe ta, ta shafa alli a yatsu ta murza mazari, ta fitar da siririn zare ko abawa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta ɗauki labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954, ta tashi ne a zamanin da kaɗi yake aikin kowace mace, ƙawance da biki kuma suke ɗaure mata da juna. Kaɗi ya ja baya bayan zaren inji ya cika kasuwa. Masaƙar zamani ta farko a Kaduna ta fara aiki a 1957. Mazari ya koma ƙasan adaka, amma hannuwan ba su zauna ba. Sun koma ga ɗinkin hula, da saƙar kayan jarirai, da zanin gado, da jakar duwatsu, ga kuma faifai da tabarmar kaba da dama ba su taɓa barin ƙauye ba.

Hanya ta farko ita ce aro. A Hausa aro yana nufin a karɓi abu a yi amfani da shi, a mayar da shi ɗin dai. Kwarashi mai lamba kaza, kibiyar saƙa, basilla, almakashi mai kaifi, duk suna fita gida da safe su dawo da yamma. Ba wadda ke mallakar kowace lamba ta kwarashi, don ba kullum ake bukatarta ba. A layi guda ana iya samun cikakken jeri, amma a warwatse cikin gida biyar. Wannan ɗabi'a tana da gindi a addini, kuma matan sun san haka ko da ba su kai ga manyan littattafai ba. Malaman tafsiri sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa abin da Suratul Ma'un ta zargi masu hana shi ya haɗa da ƙananan kayan gida da ake arawa, irin su tukunya da guga da gatari. Shi ya sa hana allura abin kunya ne ƙwarai a unguwa, ya fi hana kuɗi muni. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta kuma bambanta abin aron da ake iya ɓoyewa da wanda ba a iyawa, kamar dabba: na farko idan ya salwanta a hannun mai aro, shi zai biya. Kwarashi kuwa ba abin da ya fi shi sauƙin ɓoyuwa. Sai dai a aikace ba a cika cewa a biya ba. Mai abu takan ce, "Haba, don wannan?" Hukuncin yana zuwa daga baya, ranar da aka sake aiko yarinya, aka ce mata, "Ki ce ina amfani da shi."

Hanya ta biyu rance ce. Harshen ya raba ta da aro sarai: abin da ke ƙarewa, kuɗi ko hatsi ko gishiri, ba a aronsa, rantarsa ake yi a mayar da madadinsa. Zare yana cikin wannan aji. Mace tana tsakiyar hannun rigar sanyi, dare ya yi, shuɗin zarenta ya ƙare, suna kuma jibi. Dole ta aika maƙwabta. A nan ake samun ƙaramar matsalar da duk masaƙiya ta sani, wato shuɗin wannan ƙulli ba lallai ya zo ɗaya da na wancan ba, ko da kamfani ɗaya ya yi su, don ba rini ɗaya suka sha ba. Wadda idonta ya buɗe takan ɓoye bambancin a bakin hannu ko a wuya, inda zai zama kamar ado aka yi da gangan.

Ƙa'idar rancen zare ita ce zare aka ba ki, zare za ki mayar. A da wannan ba ya ɗaukar hankalin kowa. Amma tun da aka sakar wa kasuwa farashin naira a watan Yunin 2023 kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo, ƙa'idar ta zama kariya ga mai bayarwa. Da kuɗin ƙullin aka mayar mata bayan wata biyu, ba zai sayo mata ƙulli ba. Matan da ba su taɓa jin bayanin masana tattalin arziki ba sun riƙe ma'aunin da ya fi kuɗi tsayuwa, wanda kuma shi ne abin da fiƙihu ya ce game da bashi, a mayar da kwatankwacin abin da aka karɓa.

Akwai iyakar da aro yake tsayawa. Keken ɗinki, irin su Singer da Butterfly da ake jera wa amarya cikin kayan ɗaki, ba ya fita gida. Sai dai a zo a hau, kuma idan zuwan ya yi yawa, a fara kawo ɗan abin mai. Keken saƙa kuwa yawanci kwasar adashi ce ke sayensa. Mata goma su yi ta zubi wajen uwar adashi, wadda kwasa ta zo kanta ta sayi keke, watan gaba wata ta sayi katan ɗin zare. Adashi shi ne ya cike gurbin da aro da rance ba za su iya ba.

Hanya ta uku ita ta fi ɗaukar hankalina, don ba ta shiga ko ɗaya cikin kalmomin biyu. Mace ta ga hular jariri mai wani sabon salo, ta ce, "Ara mini in gani." Ta kai ɗakinta, ta juya cikinta waje, ta bi zaren da ido tana ƙirga inda ya hau da inda ya sauka, ta gwada, ta warware, ta sake gwadawa. Washegari ta mayar da hular lafiya lau, ko zare ɗaya bai tsinke ba. Bisa sharaɗin aro ta fita haƙƙi. Amma ainihin abin da ta je nema, wato salon, yana nan tare da ita, kuma ba ta da hanyar mayar da shi ko tana so. Mai hular ba ta rasa komai ba, sai abu ɗaya: jiya ita kaɗai ke da shi a unguwa. Wata ma ba ta tsayawa neman aro. A gidan biki za ta karɓi jaririn ta yi ta yi masa wasa, alhali idonta na kan shawul ɗinsa. Satar kallo ke nan, kuma ban san wata ƙwararriyar masaƙiya da za ta rantse ba ta taɓa yi ba.

Da wannan hanya ilimin yake yaɗuwa, kuma a kanta ake yin yawancin ɓacin rai. Ba a faɗa a kan kwarashi kamar yadda ake gaba a kan salo, musamman tsakanin kishiyoyi ko facaloli da ke sayar wa mutane ɗaya. Saboda haka masu gwaninta suna da abin da suke riƙewa. Ana nuna wa maƙwabciya yadda ake farawa da yadda ake bin jiki, amma yadda ake haɗe saman hula ya zauna daram ba tare da tattara ba, wannan sai 'ya ko ƙawa ta ƙut-da-ƙut. Abu biyu kuma ba a cika faɗa ko ga ƙawar ba: rumfar da ake samun zare da rahusa, da sunan mai sarin da ke karɓar kaya. Duk mai cewa matan nan komai nasu a buɗe yake tsakaninsu, bai zauna da su ba. Suna da kyauta, amma sun san abin da ke kawo cefane.

Ɗinkin maza ma bai tsira daga wannan ba. Zane-zanen babbar riga, aska biyu da aska takwas da tambari, ba a san wani mutum guda da za a ce shi ya ƙirƙiro su ba. Mai zane yana sa alƙalami da tawada ya fitar da su a kan ƙyalle kamar yadda ya gani wajen malaminsa, ya ɗan ƙara nasa. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ya kuma shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976, ya bi diddigin irin waɗannan zane-zane. Daga baya Elisha Renne ta yi nazarin yadda matan birnin Zariya suka shiga ɗinkin hannu na manyan riguna, aikin da a da na maza ne. A can tsarin ya sauya kama: mai riga ko ɗan kasuwa ne ke kawo ƙyalle da zare, an riga an zana, mace ta cike a biya ta ladan hannu. Wannan ƙodago ne. Macen da ke ƙodago ba ta da zaren da za ta ranta wa kowa, don ba nata ba ne, a ƙirge aka ba ta. Duk inda ɗan kasuwa ya mallaki zare, rance tsakanin mata yakan ragu, sai koyarwa ta rage.

Misalin da ya fi fito da darajar wannan koyarwa a fili ya zo ne ta hanyar masifa. Garin Bama a Borno ya yi suna da ɗinkin hula, har hular ta ɗauki sunan garin. Da mayaƙan Boko Haram suka kama shi a watan Satumban 2014, mutane suka gudu Maiduguri ba tare da komai ba. Allura da zare da ƙyallen da aka fara duk an baro su. Amma a sansanonin 'yan gudun hijira ɗinkin hula ya sake tashi, ya zama abin da mata da yawa ke ci da 'ya'yansu da shi, waɗanda suka iya suna nuna wa waɗanda ba su iya ba. Hula ɗaya mai kyau tana cin makonni, ribar kuma ba ta kai wahalar ba, mai sari ne ke kwashe kaso mafi tsoka. Duk da haka abin da ya tsallake daji tare da su shi ne wanda ke cikin kai da yatsu.

Saura batun ɗan aike. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 game da ɓoyayyen cinikin da matan kulle ke yi daga gida zuwa gida. Enid Schildkrout kuma, da ta zauna a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal a Kano a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna cewa yara ne ƙafafun wannan ciniki. Abin da suka faɗa game da ƙosai da ƙuli-ƙuli ya hau kan kwarashi da zare daidai. Yarinya ce ke shiga kowane gida ba shamaki, ita ke kai aro ta karɓo rance, ita ke dawowa da labarin cewa matar gidan Alhaji ta fara wani sabon salo. Shirin ba da ilimin firamare ga kowa da aka ƙaddamar a 1976 ya fara ɗauke yaran da safe, wanda alheri ne gare su, ko da yake iyayen mata sun ji a jikinsu. Wayar salula da ta fara yaɗuwa a Najeriya daga 2001 ta karɓi rabin aikin. Yau hoton hula yana tashi daga Kano ya sauka Maraɗi ko Kumasi kafin a idar da sallar magariba, 'yan mata kuma suna koyon salon Turkiyya da Indiya a YouTube ba tare da sun ji kalma ɗaya ta harshen mai koyarwar ba.

Wannan ya rage wa salo tsada. Abin da ake ɓoyewa wata shida yanzu mako guda ya ishe shi ya gama gari, kuma gabar da ake yi a kansa ta fara zama ta banza. Sai dai hoto fuskar aiki yake nunawa, ba ya nuna bayansa, inda aka ɗaure zare da inda aka sauya launi. Ba ya kuma gaya wa mai koyo cewa tana jan zaren da ƙarfi fiye da kima, abin da tsohuwar masaƙiya za ta gane da taɓawa ɗaya. Shi ya sa har yanzu, bayan an gama tura hotuna, akan ƙulle safar a leda a miƙa wa yarinya idan ta taso daga Islamiyya, a ce ta kai wa Inna ta duba dunduniyar, ta kuma tambayo ko akwai ragowar farin zare.