Dajin Achimota: Makarantar Kare Muhalli a Maƙwabtan Nima da Maamobi

Dajin Achimota shi ne gandun daji mafi girma da ya rage a cikin birnin Accra, kuma tafiya kaɗan ce daga zangunan Nima da Maamobi. Gwamnatin mulkin mallaka ta keɓe shi a shekarar 1930, da nufin samar wa makarantar Achimota itacen girki. A yau Hukumar Kula da Gandun Daji ta Gana ce ke riƙe da shi.

A cikin dajin ne gidan namun daji na Accra yake. Asalinsa na Kwame Nkrumah ne, a harabar Flagstaff House. A 2006 aka kwashe dabbobin zuwa Kumasi don gina fadar shugaban ƙasa, daga baya aka sake buɗe gidan a Achimota. Akwai kuma cibiyar kiwon birai da ke dab da ƙarewa, wadda ƙungiyar WAPCA ke tallafawa. Makarantu kan kai ɗalibai nan su ga dabbobin da ido, su ji dalilin raguwarsu: sare daji, farauta da haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba.

Wani ɓangare na koyar da yara kare muhalli a Gana ya samo asali ne daga bakin teku. A shekarun 1980 an lura yara na kama wasu tsuntsayen teku da ke hijira daga Turai, har adadinsu ya ragu. Hakan ya sa aka kafa ƙungiyoyin namun daji na makarantu a 1987, waɗanda yanzu ke ƙarƙashin Ghana Wildlife Society. Dabarar ita ce a mayar da yaron da ke kafa tarko ya zama mai gadin tsuntsun. Ayyukansu sun haɗa da ƙidayar tsuntsaye, dashen itatuwa da tsaftar unguwa. Kusa da Accra akwai dausayin Sakumo da bakin kogin Densu, waɗanda aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar a 1992.

Ga yaron Nima, darasin yana bakin ƙofarsa. Unguwar cunkushe take, inuwa ta yi ƙaranci, kuma babbar kwatar Nima tana zuba a kogin Odaw. Idan leda da shara suka toshe ta, ruwa sai ya shiga gidaje. Ambaliya da gobarar ranar 3 ga Yuni 2015 a shataletalen Kwame Nkrumah sun halaka mutum fiye da 150. Daji kuwa yana tsotse ruwan sama, yana kuma rage zafin gari.

Shi ma dajin yana fuskantar barazana. Gine-gine da tituna sun ci gefensa. A 2022 gwamnati ta fitar da dokar E.I. 144 da ta cire wani yanki daga cikin gandun, tana cewa za a mayar wa iyalan Owoo, masu ƙasar na asali. Matakin ya jawo suka daga masu kare muhalli da jama'ar gari.

Malaman makarantun Islamiyya da na boko a zango suna da hanyoyi biyu masu sauƙi: neman izinin ziyara daga hukumar gandun daji, da shigar da ɗalibai cikin dashen itatuwa na ƙasa, wanda aka fara da Ranar Green Ghana a watan Yuni 2021. Koyarwar Musulunci a kan ladan shuka bishiya da haramcin ɓarna tana ba su harshen da iyaye ma za su fahimta.