Kalmomin Dokar Dajin Sarki a Ingila ta Dā

Bayan da Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmar "forest" ba kurmi take nufi ba. Ƙasa ce da sarki ya keɓe domin farautarsa, ko da akwai ƙauyuka da gonaki a cikinta, don haka "gandun sarki" ya fi dacewa da ita.

Abu biyu dokar gandun ke karewa: "venison", wato namun daji irin su barewa da aladen daji, da kuma "vert", ɗanyen itace da ganyen da suke ci ko suke fakewa a ciki. Wanda ya sare daji ya yi gona, laifinsa "assart" ne. Ko karnukan mazauna wurin ba su tsira ba, domin akan datse musu yatsu uku na ƙafar gaba, kada su bi barewa. Wannan ta'asa ita ce "lawing", wato daidaita kare da doka!

Sai a 1217, zamanin Henri na Uku, aka rubuta yarjejeniyar da ta hana kisa ko yanke gaɓa saboda barewa. Ta kuma tabbatar wa 'yantaccen mutum "pannage", haƙƙin kiwon aladensa a cikin nasa dajin.